Kafin a Sare Bishiyar da Aka Tarar a Fili

Aikin farko da akasarin masu sabon fuloti ke sa lebura shi ne share fili, wato a sare duk wani itace, a tone kututture, sannan a kira mai zanen gini. Wannan tsari a juye yake. Tsamiya ko ɗorawar da ta yi shekara hamsin tana girma ba a maye gurbinta da dashe, kuma a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Damagaram, inda zafin bazara kan haura digiri 40, inuwarta na rage wa ɗaki zafi ba tare da an biya kuɗin wuta ba. Kamata ya yi mai zane ya fara zuwa filin, ya sa kowace bishiya a takarda, sannan ya tsara ɗakuna.

Bishiyar da ta fi amfani ita ce ta yamma da gini, domin ranar la'asar ce ke gasa bango, bulo kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. Ta gabas tana buƙatar lura, saboda daga can hadari da guguwar farkon damina suka fi tasowa, kuma reshen da ya rataya a kan kwano yana iya karyewa ya faɗo. A sassabe irin wannan reshe tun kafin rufi.

Ba kowace bishiya ce ta dace da kusa da bango ba. Saiwoyin durumi da ceɗiya suna bin danshi, su kutsa sokawe da bututun ruwa, su ɗaga daɓe. A ƙasa mai laka haɗarin ya fi yawa, domin bishiya na zuƙe ruwan ƙasar da rani, ƙasar ta tsuke, harsashi ya motsa, bango ya tsage. Giginya da goruba ba su cika wannan ɓarna ba, sai dai 'ya'yan giginya masu nauyi ne, ba a ajiye mota a ƙarƙashinta.

Inda aka fi yin asara shi ne lokacin aikin kansa. Mutane na zaton saiwa zurfi take yi, alhali mafi yawanta tana cikin mita ɗaya na saman ƙasa, tana bazuwa har ta wuce inda inuwar rassa ta tsaya. Tifa ta sauke yashi a gindin bishiya, birkiloli su kwaɓa siminti a inuwarta don nan ne wurin hutawa, masu haƙa fandisho su datse saiwoyi, a ƙarshe a malala kankare har jikin gangar. Bishiyar ba ta mutuwa nan take. Sai bayan shekara biyu ko uku ta fara bushewa daga sama, mai gida ya ɗora laifin a kan gara.

A Birtaniya ƙa'idar da ake bi ita ce a auna faɗin gangar bishiya, a ninka sau 12, a bar wannan tazara kewaye da ita. Gangar da ta kai santimita 50 ke nan tana buƙatar mita 6. A ƙaramin fuloti hakan na iya yin wuya, amma ko rabinsa aka killace tun ranar farko, aka bar ƙasar a buɗe ruwa na shiga, ya fi babu. Mai gida ya gaya wa shugaban magina wannan sharaɗi kafin tifar farko ta shigo.