Daga O'Brien Zuwa Bulak Dakrur: Sunan Da Na Daɗe Ina Gudu

Wannan karon maganar suna na kawo muku, kuma wata baƙuwa ce ta jawo ta.

Akwai wata 'yar ƙasar Ayilan da muke haya a bene ɗaya a unguwar Dokki, nan Alƙahira. Larabci ta zo koyo. Ran nan muna shan shayi na tambaye ta, wai me ya sa sunayen mutanensu da yawa suke farawa da "O" ko "Mac"? Kamar jira take yi. Ta ce a yarensu na Gelik, "Mac" na nufin ɗa, "O" kuwa jika ko zuriya. MacDonald ɗan Donal ke nan. O'Brien kuma zuriyar Brian Boru, sarkin nan nasu da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Na ce ai mu ma haka ne! Ɗanfodiyo, Ɗantata, duk ɗan wane ne ko ɗan wance.

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙarashen labarin. Ta ce zamanin mulkin Ingila, gidaje da yawa sun yar da "O" da "Mac" ɗin, don sunan da ya yi kama da na Ingilishi ya fi buɗe ƙofa. Sai a ƙarshen ƙarni na 19, da aka tashi farfaɗo da yaren, musamman bayan kafa ƙungiyar Gelik a 1893, jikoki suka fara mayar da abin da kakanni suka cire. Tana gamawa ta ce, "To ku fa?" Na yi dariya kawai na ƙara mata shayi.

Gaskiyar magana, akwai sunan da na taso ina gudu. A Jidda aka haife ni, can na yi makaranta, kuma duk wanda ya tashi can ya san kalmar "Takruni". Yara su jefe ka da ita a hanya, ka koma gida ranka a ɓace. In an zo hutu Kano kuma a ce "ga 'yan Takari nan". Can ba ka tsira ba, nan ma ba ka tsira ba. Wallahi har na girma ban taɓa tambayar daga ina kalmar ta fito ba.

Ashe amsar tana bayan makarantarmu. Duk wanda ya san Jami'ar Alƙahira ya san in ka tsallaka layin dogo ta yamma, Bulak Dakrur ka shiga, unguwar talakawa mai cunkoso, ga 'yan tuk-tuk kamar su hau kanka. Kullum ina jin yaran mota suna kiran sunanta, ban taɓa kawo komai ba. Dakrur ɗin nan Takrur ce, bakin Misirawa ne ya mai da "t" ta koma "d". Masanin tarihin Masar, al-Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya rubuta cewa garin ya samo sunan ne daga wani bawan Allah, Shehu Yusuf al-Takruri, da ya zauna wurin a zamanin halifan Fatimawa al-Aziz, mai mulki daga 975 zuwa 996. Ku lissafa da kanku: sama da shekara dubu.

Ita Takrur asalinta masarauta ce a bakin kogin Sanagal, tana cikin na farko da suka karɓi Musulunci a Afirka ta Yamma. Da mahajjata suka yawaita, sai Larabawa suka yi wa duk wanda ya fito daga yankinmu kuɗin goro: Bahaushe, Bafillace, Babarbare, Bamalle, kowa Takruri. Mansa Musa da ya ratsa Alƙahira a 1324, wasu marubutan Masar sarkin Takrur suka kira shi. Kuma namu malaman ba su ƙi sunan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rubuta tarihin ƙasarmu a littafinsa Infaƙul Maisuri, "ƙasar Takrur" ya sa a cikin sunan littafin. Har yau a Masar akwai gidaje masu amsa al-Dakruri. Wani ta jini ya gaji sunan, wani ta unguwar, amma tushen kalmar ɗaya ne.

Mu Hausawa a gida ba mu da al'adar sunan dangi guda da ake gada har abada. Sunanka, na mahaifinka, shi ke nan. Makarantar boko ce ta liƙa wa wasu sunan gari, aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari. A waje kuwa, wasu ne suka raɗa mana: Hausawi, Fallata, Barnawi. Kun tuna gasar cin kofin duniya ta 2018? Hausawi uku ne a tawagar Saudiyya, Usama da Umar da Mu'utaz, kuma Usama ne kyaftin. Sunan da wani yaro yake ɓoyewa a aji, ga shi duniya tana kallo.

Daren nan na kira Abbanmu na ba shi labarin Shehu Yusuf. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ke sai yau kika sani? Kakanki da ƙafa ya bi ta Sudan, shekara huɗu yana hanya, yana noma yana tara kuɗin jirgin ruwa. Wanda ya ce miki Takari, ki ce masa na'am."

Ban ce kowa ya ruga ya canza fasfo ba. Kuma sanin tarihi ba zai hana mai zagi zagi ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne: kafin tsofaffinmu su ƙare, ku zauna da su ku tambaya. Wane ne wannan da sunansa yake ƙarshen nawa? Daga wane gari ya taso, ta wace hanya ya bi? Ku rubuta ku ajiye.

Ni dai na koma wurin maƙwabciyata da amsarta. Jibi in Allah ya kai mu zan kai ta Bulak Dakrur ta gani da idonta. Ta ce ita za ta biya kuɗin tuk-tuk.