Sabon jigo ko sabon salo: Yadda ake auna ingancin ƙagaggen labari

Manazarta adabi sukan duba abu biyu idan za su auna ƙagaggen labari: jigo, wato saƙon da labarin ya ƙunsa, da salo, wato dabarar da marubuci ya bi wajen isar da saƙon. Tarihin marubutan Jihar Neja ya nuna cewa sabunta jigo kaɗai bai isa ma'auni ba.

Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya yi fice da Ruwan Bagaja a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Daga baya ya rubuta Magana Jari Ce, inda ya ari labarai da dama daga Alfu Laila wa Laila da tatsuniyoyin Turai da Indiya. Jigoginsa tsofaffi ne, amma ya sa su a bakin aku mai hikima, ya zuba su cikin fada da kasuwa da karin maganar Hausawa, har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu.

Ben Okri, haifaffen Minna a 1959, ya ɗauko tsohon imanin Yarabawa game da yaron da ke mutuwa yana dawowa, wanda Hausawa ke kira ɗanwabi, ya gina The Famished Road a kansa. Yadda ya cakuɗa duniyar mutane da ta aljanu ne ya ba shi kyautar Booker a 1991.

Sai dai aro yana da iyaka. Littafin An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, shi ma haifaffen Minna, ya fito a 1962, kuma manazarta irin su Neil Skinner sun nuna kamanninsa da Jiki Magayi na John Tafida da East, daga zubin labari har sunayen taurari. Wannan ya jawo muhawara kan inda aro ya tsaya, inda kwafi ya fara.

Ga matasan marubuta a Kpakungu da sauran unguwannin Minna, darasin a fili yake. Soyayya da kishi da ramuwar gayya jigogi ne da kowa ya gada. Abin da alƙalan gasa da masu karatu ke nema shi ne murya da tsarin da marubucin ya ƙago da kansa, tare da faɗar inda ya ɗebo abin da ya ara.