Abin da Masu Digirin Ilmin Mulki da Zamantakewa Suka Tsinana wa Ƙasa

A mafi yawan gidajenmu, idan yaro ya kammala sakandare aka zauna shawarar abin da zai karanta a jami'a, likitanci da injiniyanci da aikin lauya ake fara ambata, in kuwa aka ji ya sami gurbi a sashen kimiyyar siyasa, ko tattalin arziki, ko nazarin zamantakewa, ko sha'anin mulki, sai jikin iyaye ya yi sanyi, har wani dattijo ya tambaya, "To, in ya gama me zai zama?" Tambayar nan ta cancanci amsa ta haƙiƙa, kuma babu amsar da ta kai duba ayyukan waɗanda suka riga suka bi wannan tafarki.

Tun da fari ya kamata mu tuna cewa wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A ƙarshen ƙarni na goma sha biyar Shaihu Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban sarakuna. Bayan jihadi ya kankama Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa Usulus Siyasa, dukansu suna bayanin yadda za a naɗa alƙalai da wakilai, a tsare baitulmali, a yi wa talaka adalci. Malaman nan sun fahimci cewa tafiyar da al'amuran jama'a ilmi ne mai ƙa'idoji, wanda idan al'umma ta rasa masu saninsa, to, dukanta za ta ɗanɗana kuɗarta.

A zamanin boko, harsashin wannan karatu a Arewa an aza shi ne a Kongo ta Zariya, inda a 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna, wadda ta zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki a 1954, sa'an nan aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da aka kafa jami'ar a 1962. Dalili kuwa a fili yake: Turawa na shirin tafiya, ga larduna da ma'aikatu da baitulmalin En'e suna buƙatar 'yan ƙasa waɗanda za su iya riƙe su. Daga wannan tushe ne sassan jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suka yi rassa.

Mu ɗauki Farfesa Attahiru Jega, wanda ya karanta kimiyyar siyasa a Kano, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Sa'ad da yake shugabancin ƙungiyar malaman jami'o'i, daga 1988 zuwa 1994, a ƙarƙashin mulkin soja wanda har haramta ƙungiyar ya yi, aka ƙulla yarjejeniyar 1992 da gwamnati, wadda ta haifar da dokar harajin ilmi ta 1993, wato kashi biyu cikin ɗari na ribar kamfanoni. Kuma asusun da aka kafa da harajin nan, wanda a yau ake kira TETFund, shi ne ya gina ɗimbin ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje da ɗalibanmu ke zama cikinsu. Da aka ɗora masa shugabancin hukumar zaɓe a 2010, bai tsaya ga wa'azi kan sharrin maguɗi ba, sai ya bi sawun ƙofofin da maguɗin ke shigowa, ya sabunta rajistar masu zaɓe, ya fito da katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi. Zaɓen 2015 da ya jagoranta shi ne karo na farko a tarihin Nijeriya da shugaba mai ci ya sha kaye a akwati, ya kuma miƙa mulki ga jam'iyyar adawa.

A fagen tattalin arziki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gama digirinsa a Zariya a 1981, daga baya kuma ya karanta shari'a a Khartum, ya zama gwamnan Babban Bankin Nijeriya a 2009, a lokacin da basussuka marasa biyuwa suka kusa durƙusar da manyan bankuna. A watan Agusta na shekarar ya sauke shugabannin bankuna biyar, Babban Banki ya zuba musu naira biliyan 420 domin kada ajiyar talakawa ta salwanta. A zamaninsa ne kuma aka fitar da ƙa'idojin banki marar kuɗin ruwa, har bankin Jaiz ya fara aiki a 2012.

A zauren duniya ma ba a bar masu wannan karatu a baya ba. Farfesa Ibrahim Gambari, wanda ya koyar da kimiyyar siyasa a Zariya, ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1999, ya shugabanci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata har mulkin wariya ya faɗi a Afirka ta Kudu, daga baya kuma ya jagoranci tawagar kiyaye zaman lafiya a Darfur. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Zagga ta jihar Kebbi, wanda ya gama kimiyyar siyasa a Zariya a 1979, ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sa'an nan a 2019 aka zaɓe shi shugaban Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗan Nijeriya na biyu da ya hau wannan kujera bayan Janar Joseph Garba.

Amma fa adalci ya wajabta mana faɗin cewa takarda kaɗai ba ta yin wannan aiki, domin a cikin waɗanda suka wawashe baitulmali, suka lalata ma'aikatun da aka danƙa musu, akwai masu irin digirin nan, wasu ma daga azuzuwa ɗaya suka fito da mutanen kirki. Abin da ya bambanta su shi ne amana, da haƙurin gina tsari wanda zai ɗore bayan mai kujera ya sauka. Saboda haka ma'aunin nasara a wannan fanni shi ne abin da mutum ya bari yana amfanar jama'a, ko da kuwa bai wuce jami'in tsare-tsare a ƙaramar hukuma ba, ko mai ƙididdigar yara marasa zuwa makaranta, ko mai sulhunta manomi da makiyayi kan burtali. Likita yana warkar da majinyacin da ke gabansa, amma ko asibitin zai sami magani da wuta da albashin ma'aikata, wannan yana hannun wanda ya tsara kasafin kuɗi.

To, iyaye, idan 'ya'yanku suka sami gurbi a ɗaya daga cikin waɗannan sassa, ku sa musu albarka da zuciya ɗaya. Ku kuma ɗalibai, ku ƙware a lissafin ƙididdiga da rubutu mai tsabta, ku koyi Larabci ko Faransanci a kan Turancinku, ku shiga kasuwa da ƙauye ku saurari mutanen da za ku yi wa hidima, sa'an nan ku riƙi amana tun daga ƙaramin ofis na farko da za a ba ku. Ƙasarmu na da matuƙar buƙatarku.