Gwajin Basira da Launin Fata: Tsohuwar Muhawara a Sabuwar Masana'antar Amurka

A watan Mayun 2014, kamfanin Google ya fitar da alƙaluman ma'aikatansa a karon farko. Baƙaƙen fata kashi 2 cikin 100 ne kacal na ma'aikatansa a Amurka, alhali sun kai kusan kashi 13 na al'ummar ƙasar. Wata guda bayan haka Facebook ya bi sahu, shi ma da kashi 2. Nan take muhawara ta ɓarke. Wasu suka ce wariya ce wajen ɗaukar aiki, wasu kuma suka dage cewa kamfanonin ƙwararru kawai suke zaɓa, gwajin basira ne ke tace mutane.

Wannan hujja ta biyu tana da dogon tarihi. Bafaranshe Alfred Binet ya ƙirƙiro gwajinsa ne a 1905 domin gano ɗaliban da ke buƙatar ƙarin taimako a aji. Da gwajin ya ƙetara Amurka, sai aka mayar da shi ma'aunin darajar jinsi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an gwada sojoji fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma a 1923 Carl Brigham ya dogara da sakamakon ya ce wasu jinsuna sun fi wasu kaifin ƙwaƙwalwa tun daga haihuwa. A 1930 shi da kansa ya janye maganar, ya amince cewa ba ta da tushe. Duk da haka, littafin The Bell Curve na Richard Herrnstein da Charles Murray ya sake hura wutar a 1994.

Binciken James Flynn ya raunana wannan ra'ayi, domin ya nuna cewa makin gwajin ya riƙa ƙaruwa da kusan maki uku a kowace shekara goma a ƙarni na 20. Gadon jini ba ya sauyawa da irin wannan sauri. Makaranta da abinci da lafiya su ne ke sauyawa.

Kotun Ƙolin Amurka ma ta taɓa shiga lamarin. A shari'ar Griggs da kamfanin lantarki na Duke Power a 1971, ta yanke hukunci cewa duk gwajin da ke toshe wa wani jinsi ƙofa, wajibi ne mai ɗaukar aiki ya tabbatar yana da alaƙa da aikin da ake nema. Shi kansa Google, ta bakin shugaban sashen ma'aikatansa Laszlo Bock, ya amince a 2013 cewa tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa da yake yi wa masu neman aiki ba sa nuna wanda zai iya aikin.

Illar ƙarancin wakilci ta wuce batun albashi. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni, suka gano kuskurensu ya kai kusan kashi 35 a kan mata masu duhun fata, amma bai kai kashi 1 ba a kan maza farare.

Ga duk jami'in da ke zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata ko na ƙarin girma, ƙa'idar shari'ar Griggs abar lura ce: kafin a yarda da makin jarrabawa, a fara tantance ko abin da ta auna shi ne abin da kujerar ke buƙata.