Ƙara Gurbin Suna a Mahaɗin Rumbunan Shaida: Misali Daga Kamarawa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba abin da ke faruwa idan aka ƙara sabon gurbi a cikin mahaɗi. Abin da muke nufi da mahaɗi shi ne manhajar da ke ɗauko bayanin mutum daga wani rumbu ta kai shi wani, kamar daga rumbun hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, zuwa na banki ko na kamfanin waya.

Tun da aka ba da umurnin haɗa lambar NIN da layin waya a Disamba 2020, sa'an nan aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira a Afrilu 2022, saɓanin suna ya daina zama ƙaramin abu. Mu ɗauki Bagobirin Kamarawa a ƙasar Isa. Sunansa na yanka Muhammadu, gida ana ce masa Mamman, kasuwa kuwa Ɗanjuma kurum aka sani. In yana da takardar da aka rubuta masa a Maraɗi, can Mahamadou ne, bisa rubutun Faransanci. Mutum ɗaya ne, amma mahaɗi huɗu yake gani, ga shi kuma zuwa gyara a Isa ko Sakkwato kan hanya marar tsaro ba wasa ba ne.

Ƙa'idar SCIM ta 2015, wadda mahaɗai da dama ke bi, ta tanadi gurbin laƙabi, amma guda ɗaya tak yake ɗauka. Sai dai ta yarda a yi ƙari. Ana fara bayyana sabon gurbin a tsarin rumbu, a ce "sauran sunaye", a kuma nuna cewa yana ɗaukar suna fiye da ɗaya. Daga nan a koya wa mahaɗi inda zai zuba shi a ɗaya ɓangaren, domin gurbin da ba a yi wa masauki ba, shiru zai ɓace a hanya. Haruffa masu lanƙwasa ma abin lura ne: tsohon rumbu yana iya mai da Ɗ ta zama alamar tambaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa ke da ikon rubutu a gurbin. Idan banki da kamfanin waya duk suna iya canza shi, kowane dare ɗaya zai goge na ɗaya. A ganina, rumbu guda ya kamata ya riƙe alƙalami, sauran su karanta kawai. Har ila yau, kada a mai da laƙabi mabuɗin gane mutum, don kuwa Ɗanjuma ba ya ƙirguwa tsakanin Isa da Sabon Birni. Lambar nan mai alƙaluma 11 ita ce mabuɗi. Aikin sabon gurbin bai wuce ya nuna wa ma'aikaci cewa Mamman ɗin da ke tsaye gabansa shi ne Muhammadun da ke rubuce ba.