"Sitem Sel" a Cikin Leda: A Yi Hattara Kafin a Ciro Kuɗi

Wani kaya ya shigo gari a 'yan shekarun nan, ana tallarsa a WhatsApp da ofisoshin gwamnati, har da gidajen biki. Gari ne a 'yar leda, a zuba a ƙarƙashin harshe, wai "sitem sel". Masu tallar sukan ce yana maganin sikila da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda, har da rashin haihuwa. Daga Ringim zuwa Taura zuwa Dutse an san wannan talla, kuma galibi mai kawo ta ɗan'uwa ne ko abokin aiki, wanda shi ma an yi masa alkawarin kaso in ya jawo mutane. Shi ya sa ake jin nauyin cewa a'a.

Abin da suke fakewa da shi yana da asali. A jikin mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta waɗanda su ne tushen sauran, su ake kira "sitem sel". Na cikin ɓargo su ke ƙera sabon jini kullum, kuma akwai irinsu a jinin da ke saura cikin cibiya da mabiyiya bayan haihuwa, wadda mu muke binnewa a bayan ɗaki. A 1988, a asibitin Saint-Louis na birnin Faris, Farfesa Eliane Gluckman ta dasa wa wani yaro mai cutar jini ta gado jinin cibiyar ƙanwarsa, ya kuma warke. A Amurka aka ɗebi jinin, aka daskarar da shi, aka ɗauko shi a jirgi.

A wajen daskarwar nan ne ƙaryar 'yan talla take fitowa. Duk matar da ta taɓa sa tumatir a firiza ta san yadda yake fitowa: yana narkewa sai ya saki, ya yi laɓe-laɓe, ruwa na tsiyaya. Ruwan da ke cikinsa ne ya zama tsinin ƙanƙara ya huhhuda shi ta ciki. Haka ƙanƙara take yi wa ƙwayar halitta, kuma wadda ta fashe ta mutu ke nan. Don kauce wa wannan, masana sukan gauraya ƙwayoyin da wani sinadari mai suna DMSO, kimanin kashi 10 cikin 100, wanda aka gano amfaninsa a 1959. Sai na'ura ta riƙa sauke sanyin sannu a hankali, kusan digiri ɗaya kowane minti, kafin a ajiye su a tukunyar ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Firizar gida ba ta cika wuce 18 ƙasa da sifili ba, firjin allurar rigakafi na asibitin sha-ka-tafi kuwa tsakanin digiri 2 da 8 yake tsayawa. Ranar da za a yi amfani da su, a narkar cikin gaggawa a ruwa mai ɗumin jiki, a sa wa majinyaci ta jijiya nan take. Shi kansa sinadarin yana sa tashin zuciya, kuma majinyaci yakan wuni yana fitar da wari kamar na tafarnuwa.

Tukunyar ba ta bukatar wutar lantarki, amma naitirojin yana tsanewa, dole a riƙa ƙara shi. Makiyayan da suka taɓa ganin ma'aikatan baye da irin tukunyar da ake ajiye maniyyin bijimi, kamar yadda ake yi a cibiyar NAPRI ta Shika, sun ga ƙaramarta. Ko a Amurka sakaci yana faruwa: a Maris 2018 tukunya ta ɗumama a wani asibitin haihuwa na Cleveland, ƙwayaye da 'yan tayi sama da 4,000 suka lalace.

Abin da masana ke gwadawa yanzu shi ne lulluɓe ƙwayoyin cikin 'yan mitsi-mitsin ƙwallaye na wani abu mai yauƙi da ake tatsa daga ciyawar teku, don ya kare su daga tsinin ƙanƙara, a kuma rage yawan DMSO. Dabarar lulluɓewar ta daɗe, domin tun 1980 masana Lim da Sun suka gwada ta a ɓeraye masu ciwon suga. Har yau yawancin aikin yana ɗakin bincike, kuma ba abin haɗiya ba ne.

To, ina ƙwayar da sai da wannan ɗawainiya take rayuwa, ina garin da ya wuni a but ɗin mota cikin zafin Afrilu na Ringim? In ka karanta kwalin, sai ka ga abin da ke ciki daga tuffa ne da inabi da makamantansu. Busasshen tsiro ba ya zama jinin mutum, ciki zai narkar da shi kamar kowane abinci. Lambar NAFDAC da suke nunawa ma ba shaidar warkarwa ba ce. A kan kwalayen irin waɗannan kaya akan rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Asarar kuɗi mai sauƙi ce a kan ɗaya ɓarnar, wato mai ciwon suga ko hawan jini ya ajiye maganinsa saboda an ce masa ya samu na ƙarshe. Masu yin allurar "sitem sel" kuwa sun fi haɗari. A jihar Fulorida, mata uku sun rasa ganinsu ko mafi yawansa bayan wani asibitin kuɗi ya yi musu allurar ƙwayoyin kitsensu a ido, kamar yadda wata babbar mujallar likitanci ta ruwaito a 2017.

Maganin sikila na haƙiƙa ta wannan hanya akwai shi, wato dashen ɓargo, kuma ana yin sa a Najeriya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara a 2011 ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, na Legas ya bi baya a 2024. Sai dai a ji sharuɗɗansa. Ana bukatar mai bayarwa wanda jikinsa ya dace, kuma ko tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya damar dacewar ɗaya ce cikin huɗu. Sai an kashe tsohon ɓargon da magunguna masu ƙarfi, majinyaci ya yi makonni a killace, kuɗin miliyoyin naira ne, kuma ana iya rasa rai. Sabon maganin Casgevy da Amurka ta amince da shi a Disamba 2023, wanda ake gyara ƙwayoyin majinyaci da kansa, dala miliyan 2.2 ne.

Masu hali kuma da ake yi wa tayin ajiye jinin cibiyar jariri a ƙasar waje, su san cewa jaririn da aka haifa da sikila jinin cibiyarsa ma yana ɗauke da ita, ba zai warkar da shi ba. Na ƙaninsa mai lafiya ne zai iya, in ya dace.

Mai yaron da ke fama, ya nufi likitocin jini a asibitin Rasheed Shekoni na Dutse, ko na tarayya da ke Birnin Kudu, ko na Malam Aminu Kano, ya tambayi batun haidiroksiyuriya, maganin da aka tabbatar yana rage yawan tashin ciwon, tare da folik asid da kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da AS, wato yana ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba. Makwabciyarmu Kano ta mai da gwajin jini kafin aure doka tun 2024, kuma a Ringim ma waliyyi yana iya neman takardar gwajin tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.