Gasar Kati A Shago: Wane Tsari Ne Ke Riƙe 'Yan Wasa?

A biranen Amurka, Turai da Japan akwai ƙananan shaguna da ke sayar da katunan wasa na tarawa da musaya, irin su Pokémon da Yu-Gi-Oh da kuma Magic: The Gathering, wanda masanin lissafi Richard Garfield ya ƙirƙiro, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Kowane kati na da hotonsa da aikinsa a fagen wasa. A ƙunshi ake sayar da su, a rufe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya yage. Da yammacin Juma'a shaguna da dama kan kawar da kaya gefe su jera tebura don taron da ake kira Friday Night Magic, kuma cikin wasannin da suka fi farin jini a wurin akwai gasar zaɓen kati.

Ga yadda take. Mutum takwas ke zagaye tebur, kowa da ƙunshi uku a gabansa. A da kati 15 ne a ƙunshi, daga 2024 ya koma 14. Kowa ya buɗe na farko, ya ɗauki kati ɗaya, ya miƙa ragowar ga na hagunsa, haka har ƙunshin ya ƙare. Na biyu ana miƙa shi dama, na uku kuma hagu. Daga abin da ya tsinta mutum zai haɗa damin kati 40 da zai yi wasa da shi. Daɗin abin shi ne mai kuɗi ba ya zuwa da dami mai tsada daga gida. Kowa daga tushe ɗaya ya fara. To bayan an gama zaɓe, wa zai kara da wa? Amsar da mai shago ya bayar ita ke sa taronsa ya ɗore ko ya watse.

Hanya mafi sauƙi ita ce sili-ɗaya-ƙwale, wadda duk mai kallon ƙwallo ya sani. Mutum takwas, zagaye uku, karawa bakwai, an sami zakara. Tana da zafi, tana da sauri, tebura suna raguwa da kowane zagaye. Amma a dubi mutum huɗun da suka faɗi a karon farko. Sun biya kuɗin shiga, sun ɓata kusan awa guda wajen zaɓe da haɗa dami, sun buga sau ɗaya, an ce su tafi gida. Galibi kuwa sabon shiga ne ke cikinsu, wato wanda ya fi kowa buƙatar ya yi ta bugawa don ya koya. Wanda aka sallama da ƙarfe takwas na dare sau biyu a jere, da wuya a gan shi a mako na uku.

A ɗaya gefen akwai kowa-da-kowa, irin na gasar lig. Babu tsarin da ya kai shi adalci, sai dai mutum takwas na buƙatar zagaye bakwai da karawa 28. Da yake minti 50 ake ba kowane zagaye, wasan kaɗai ya doshi awa shida. Wannan sai idan mutum huɗu ne kacal suka zo, inda zagaye uku ya wadatar.

Tsakaninsu akwai tsarin Suwis, wanda aka fara amfani da shi a gasar darar Turawa a birnin Zurik a 1895. Ba a fitar da kowa. A kowane zagaye ana haɗa masu maki iri ɗaya, mai nasara da mai nasara, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi, kuma mutum biyu ba sa haɗuwa sau biyu. A gasar Magic, nasara maki 3, kunnen doki 1, faɗuwa babu. Masu bin Gasar Zakarun Turai sun ji ana danganta sabon fasalinta na kakar 2024/25 da wannan suna, ko da yake a can tun farko ake fitar da jadawali duka, ba bayan kowane zagaye ba.

Da mutum takwas, idan ba a yi kunnen doki ba, lissafin yakan fita tsaf: ɗaya ya ci uku, uku sun ci bibbiyu, uku sun ci ɗai-ɗai, ɗaya bai ci ko ɗaya ba. Zakara dai sai ya doke mutum uku, daidai da sili-ɗaya-ƙwale, lokacin ma ɗaya ne. Bambancin shi ne an buga karawa 12 maimakon bakwai, kowa ya sami uku, kuma a zagayen ƙarshe mai rauni yana fuskantar tsaransa. Karawar da ke tsakanin mutum biyun da ba su ci komai ba sau da yawa ita ta fi kowacce dariya a shagon.

Tsarin na da nasa ciwon kai. Idan adadin mutane mara ne, dole wani ya zauna zagaye guda a ba shi nasarar banza, shi ya sa wasu masu shago kan sa yaron shago ya cike gurbi. Idan mutum goma ne a tebur, zagaye uku na iya ƙarewa da mutum biyu da ba a doke ba, sai a koma duba yawan nasarorin abokan karawarsu, lissafin da ba ya gamsar da wanda ya zo na biyu. Idan kuwa an kai 16, gara a raba tebur biyu kowa ya kara da 'yan teburinsa, domin rabin dabarar wasan ita ce tuna katin da ka bari ya wuce zuwa hannun maƙwabcinka.

Sai batun kyauta, wanda a ganina ya fi jadawalin kansa tasiri. Akwai rabon da ake kira 8-4: ƙunshi takwas ga zakara, huɗu ga na biyu, saura shida su tashi hannu rabbana. Akwai kuma ƙunshi ɗaya kan kowace nasara. A lura da kyau, takwas da huɗu 12 ne, karawa 12 ma ƙunshi 12 ne. Aljihun mai shago bai san bambanci ba, amma a rabo na biyu mutum bakwai cikin takwas ke komawa gida da wani abu. Halin mutane ma canzawa yake. Inda kyauta ta taru a sama, gwani ba zai yafe wa sabon shiga kuskure ba, kuma ana fara raɗe-raɗin a daidaita sakamako a raba. Dokokin gasar Magic sun haramta cin hanci, da caca a kan sakamako, da fitar da mai nasara ta hanyar jefa kwabo, amma rage dalilin kwaɗayi ya fi tsaron doka sauƙi.

Wasu shagunan kan tattara katuna masu tsada bayan gasa, zakara ya fara zaɓa, na biyu ya biyo baya. Suna cewa hakan na sa mutum ya zaɓi kati don ƙarfinsa a wasa maimakon farashinsa. Da gaskiyarsu, amma yaron da ya buɗe kati mai daraja da hannunsa, ya ga gwanin shago ya sa shi a jaka, ba zai manta ba.

Sili-ɗaya-ƙwale na da ranarsa: gasar ƙarshen kaka, ko babban taro inda tebura ke cika ɗaya bayan ɗaya, wanda ya faɗi ya shiga na gaba nan take. Amma ga taron mako-mako da mutanen unguwa ɗaya ke haɗuwa, mai shago ya tsaya kan Suwis zagaye uku, ya raba kyauta bisa kowace nasara, ya kuma rubuta tsarin a allo kafin kowa ya biya kuɗin shiga.